Likkafanin Ya Kellu

Duk macen da ta zauna unguwarmu a Gure ta san addu'ar Ya Kellu, don babu wadda ta tsira daga gare ta. Ki gaishe ta a bakin rijiya, ki kai mata tuwo, ki ɗora mata itace a ka, ba za ki ji na gode ba, ba za ki ji Allah ya yi albarka ba. Sai ta dube ki tun daga ɗankwali har tafin ƙafa, a hankali, kamar tela mai shirin yanka yadi, sannan ta ce, “Allah ya sa ke za ki wanke ni, ba ni zan wanke ki ba.”

Mu da muka tashi da wannan magana a kunne mun san fatan tsawon rai ne. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwar tun kafin a haifi innata, kuma takan ce ta gaji da wanke waɗanda ta girma. Amma baƙo ina zai sani? Kun tuna matar malamin lakwal ɗin nan, wato malamin boko, da aka kawo daga Doso, wadda ta haihu a gidan haya na bayan masallaci. Ranar suna Ya Kellu ta karɓi jaririya, ta jijjiga ta, ta tofa mata addu'ar, sannan ta juya ta yi wa mai jego irinta. Baiwar Allah ta fizge ɗiyarta ta shige ƙuryar ɗaki, ta ƙi fitowa sai da matar liman ta bi ta ta yi mata bayani. Ya Kellu ko a jikinta. Ta ci gaba da cin naman suna tana cewa mutanen yamma ba su gane alheri ko an ɗora musu shi a cinya.

Ni ce Balkisa, ɗiyar maƙwabtanta. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata, ita ma akwai wata kafa a jiki da ta hana Baba ya toshe, don ta nan take shigowa kullum da safe ta ɗebi garwashi a murhun Inna. Ashana ba ta taɓa saye ba, ta ce wuta ɗaya ta ishi gida biyu. Ɗanta guda da ya rage, Bukar, yana Agadas da iyalinsa, saboda haka mu ne ƴaƴanta, mu ne kuma masu shan faɗanta. Kaka muke ce mata. Tun da ta rasu ban dawo daidai ba, ga ni budurwa har da takardar bireve ta gama ƙaramar sakandare amma a ɗakin Inna nake kwana. Inna ta ce in baki ya kasa, hannu ya rubuta, tun da dai an sha wahalar sa ni lakwal.

Sai in fara da likkafaninta, don shi ne dukiyarta mafi daraja, ya fi dabinonta na kwari, ya fi awakinta. Farin alawayyo ne ta saya shekarar da mijinta ya rasu. Duk Juma'a da hantsi takan fito da shi ta shanya a igiya ƙarƙashin magaryar tsakar gidanta don kada asu ya ci, ta zauna gefe da sanda tana korar awaki. Mai wucewa ya leƙa ya ce Kaka ana shan iska, ta ce a'a, kayan tafiya ne ke shan iska.

Bayan kowace babbar Salla kuma akwai awo. Takan tsaya jikin bangon ɗakinta ta miƙo mini gawayi in ja layi daidai kanta. To bayanta yana ta ranƙwafawa, gwiwoyinta suna ta lanƙwashewa, saboda haka layin bana kullum yana ƙasa da na bara. Yaran mutane ana auna su suna hawa, Kaka ana auna ta tana sauka. Da ta ga layin ya sauka sai ta yi murmushi kamar an yi mata kyauta, ta ɗauko reza ta rage likkafanin daidai abin da ta ragu. Inna ta taɓa ce mata ta bar shi mana, ai yawan yadi ba ya hana shiga aljanna. Ta ce ita ba za ta ciyar da gara da abin da mai rai zai amfana da shi ba.

Amfanin da ta samo masa kuwa shi ne tata. Da guntun take tace kamu. Duk azumi takan aiko mana da kunun tsamiya, kuma gaskiya babu kamarsa a unguwar, ba tsaki ba gudaji. Wata rana bayan an sha ruwa ta shigo ta tarar da Baba yana sha yana yabo, yana cewa Inna ta je ta koyo. Kaka ta ce ai babu wani asiri, ƙyallen tata ne mai kyau. Baba ya ce a wane butik ake samunsa, ya saya wa Inna. Ta gaya masa inda ta yanko shi. Ludayi yana bakin Baba, ya kasa haɗiyewa ya kasa tofarwa, idonsa ya yi ja.

“Sha abinka, Malam Isa,” in ji ta. “Sabo ne dal, ko sau ɗaya ban sa shi ba.”

Daga ranar Baba ya gano cewa tsamiya tana kashe masa haƙori. Ita kuwa da aka yi awon ƙarshe ta yanke guntu mai ɗan faɗi, sai ta ba Inna kyauta, Inna ta karɓa ta ci gaba da tata da shi ba ta gaya wa kowa ba. Baba ya yi ta yabon kunun gidansa, yana cewa Inna ta koyi aiki a ƙarshe. Baba, in wani ya karanta maka wannan, ka yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce.

Mutum ɗaya ce tak a duk Gure ba ta taɓa samun addu'ar Kaka ba, ita ce Ya Gambo ta unguwar bayan kasuwa, ɗaya mai wankan gawar. Sa'annin juna ne, kuma tun suna da haƙora suke gaba. Kaka ta ce Gambo tana wanke mutum kamar mai kankare ƙanzo a tukunya, da ruwan randa mai sanyi, tana sauri don kada rabon sadaka ya wuce ta. Ya Gambo ta ce Kellu tana wanke gawa kamar amarya, maza na tsaye da makara a rana har kansu ya dahu. In suka haɗu a hanya sai su tsaya su yi doguwar gaisuwa da Barbarci, kowace tana tambayar jikin ƴar'uwarta da kulawar da ta wuce misali, tana duba ko tari ya ƙaru. In an gama Kaka ta dube ta sama da ƙasa yadda ta saba, kowa ya kasa kunne, sai ta ce mata sannu kawai ta wuce. Babu abin da take tsoro a duniya, ba kunama ba, ba mutuwar ba, sai dai ta riga Gambo tafiya ta faɗa hannunta.

Wannan tsoron nata shi ya faɗo a kaina. Kun san ni. In za a yanka kaza sai in tafi gidan ƙawata. Tsaka ta taɓa sa ni hawa turmi. In an fito da makara ta gaban gidanmu nakan shige ɗaki in toshe kunne. Amma wata rana da rani sai ga Kaka ta shigo ta ƙofar gida, ba ta kafarta ba, da goro ƙulle a gefen zane, ta zauna gaban Inna ta ce ta zo roƙon Balkisa, ita take so ta wanke ta. Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce duk matan unguwar nan masu ƙarfin zuciya ba ta ga kowa ba sai wadda ke gudun kaza?

“Masu ƙarfin zuciyar na gan su,” in ji Kaka. “Hannunsu ma ƙarfi gare shi. Mai tsoro ita ke taɓa mutum a hankali.”

Na ce ba zan iya ba, na yi kuka, na ce ta nemi wata. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Kullum in ta zo ɗibar garwashi sai ta tsaya kusa da ni ta yi ajiyar zuciya, ta gaya wa murhu cewa shi ke nan, Gambo za ta kankare ta, ba komai, marar ɗiya mace ai haka yake ƙarewa. Da na ga ba zan ƙara karin kumallo cikin kwanciyar hankali ba, sai na ce na yarda in koya. A raina na ce irin su Kaka ba su mutuwa, sai dai su bushe su ci gaba da yawo.

Koyarwar ma irin tata ce. Ta ce karatu da baki na ƴan lakwal ne, wanka sai da jiki. Bayan La'asar ta sa na ɗumama ruwa, na daka ganyen magarya na zuba, ita kuma ta kwanta a tabarma cikin zanenta, ta kishingiɗa da gwiwoyi a lanƙwashe don ba su miƙuwa, ta rufe ido ta ce ta mutu, in fara. Ban taɓa ganin gawa mai surutu irin wannan ba. Na kama hagu, ta ce dama ake farawa. Na zuba ruwa, ta ce ya huce, so nake in sa mata mura? Na taɓa gashinta, ta ce tsefewa ake a hankali a yi kitso uku, ba fizga ba. Da na gaji na ce, Kaka, gawa fa ba ta magana.

Ta buɗe ido ɗaya ta ce, “Shi ya sa nake faɗa tun yanzu.”

A irin wannan zaman ne wata mai tallar nono daga wajen Alakos ta yi sallama ba mu ji ba, ta leƙo. Ta ga tsohuwa a kwance, yarinya a kanta tana zuba ruwa tana sharar hawaye, ga ƙanshin magarya. Baiwar Allah ta sauke ƙwarya ta fara salati. Sai gawa ta ɗago kai ta ce mata nonon da ta kawo ran kasuwar da ta wuce rabinsa ruwa ne. Matar ta bar ƙwarya da ludayi da takalmi guda. Kaka ta ajiye mata kayanta har ta dawo, amma nonon ta dama mana fura da shi, ta ce barin sa ya lalace zunubi ne.

Cikin wasan nan ta koya mini abubuwan da ba wasa ba. Ta ce a rufe mutum da zane, a naɗe hannu da ƙyalle, kada ido ya je inda mai shi bai yarda ba yana raye. Ta ce gaɓar da ta sandare ba a tilasta mata, ruwan ɗumi ake zubawa ana murzawa har ta saki da kanta. Ta ce in riƙa gaya mata duk abin da zan yi kafin in yi, don ba ta son a juya ta ba sallama. Ta ce kuma abin da ido ya gani a ɗakin wanka, baki ba ya fita da shi.

Lokacin dabino ne ta tafi. Inna ta hura wuta, garwashi ya yi, har ya fara zama toka, kafa shiru. Inna ta ce bari ta kai mata da kanta. Ta tarar da ita a kan buzun salla, carbi a hannu. Da na ji salatin Inna daga ƙetaren katanga ban tsaya sa takalmi ba, na zagaya bayan rumbu na tsuguna cikin ƙaiƙayi, na sa kai a gwiwa. Ina jin komai daga can. Na ji maza suna taruwa, na ji Baba yana waya da Bukar, shi kuma yana cewa kada a jira shi, ana zafi, a sallace ta kafin Azahar. Na ji mata suna tambayar ina Balkisa, wata ta ce ai da ma an sani. Can na ji ƙarar sanda da wata murya mai kaushi tana ba da umarni.

Inna ta zagayo ta same ni. Na zaci za ta yi faɗa ko ta yi roƙo, amma ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tsaya tana kallon rumbu ta ce, “Gambo ta iso. Ta ce a kawo mata ruwan randa.” Ta juya ta tafi.

Ban san yadda na tashi ba. Na dai ga kaina a gaban murhu ina ɗora tukunya. Na tsinko magarya na daka. Na ɗauki ruwan na bi ta kafarta na shiga, rabinsa yana zuba a ƙafata. Ya Gambo tana zaune a bakin ɗaki ta naɗe hannun riga. Inna ta fara yi mata bayanin wasiyya, ta ɗaga hannu ta ce ta sani, akwai wanda Kellu ba ta gaya wa ba a garin nan, har raƙuma sun ji. Ta dube ni, ta dubi ruwan mai tururi, ta taɓe baki, ta ce to bismilla, ita za ta riƙe mini, ni in yi.

Abin da na gani ba zan faɗa ba. Zan dai faɗi abin da na ji, wato shiru. Na ce, Kaka, zan fara da damanki, na jira. Na ce, Kaka, zan tsefe miki kai, na jira a ce na fizga. Ruwa ya zube a tabarma, babu wanda ya ce mini na yi ɓarnar ruwa. Duk tsoron da na tara tun ina ƙarama na gawa, ashe ba shi ne zai kama ni ba, rashin faɗanta ne ya fi ƙarfina. Na yi ta yi ina gaya mata. Na zo gwiwoyinta na zuba ruwan ɗumi ina murzawa yadda ta ce, a hankali, har suka saki. Bayanta ma ya kwanta sosai a kan tabarma. Ran nan na fara ganin tsawonta na gaskiya. Ashe Kaka doguwar mace ce.

Sai aka ɗauko likkafani daga cikin ƙwaryar da take ajiye shi. Wannan ba sirrin gawa ba ne, sirrin rowa ne, kuma duk unguwa ta riga ta ji. Muka sa mata zane da riga da kallabi, muka zo babban mayafin da ake naɗewa. Muka ja sama, ƙafa ta fito. Muka ja ƙasa, kai ya fito. Shekara da shekaru tana auna kanta a tsaye a ranƙwafe, tana koya mini yadda ake miƙe mutum, ba ta taɓa haɗa biyun ba.

Muka tsaya mu uku, ni da Inna da Ya Gambo, muna kallon ƴan yatsun ƙafarta. Sai kafaɗar Ya Gambo ta fara motsi. Ta toshe baki da gefen mayafi tana dariya hawaye na zuba, tana cewa Kellu, Kellu, kin yanke ƙafarki kin tace kunu da ita. Inna ta kama, ni ma na kama, ina yi ina kuka, ban san wanne ya fi yawa ba. Daga zaure aka aiko a ji ko an kusa. Inna ta ce bari ta sa a sayo sabon yadi, Ya Gambo ta ce ko kusa, in aka naɗe Kellu a sabon yadi alhali nata yana nan, ba za ta yafe wa kowa ba.

Inna ta bi ta kafa ta dawo da ƙyallen tatarta daga kan igiya. Ya ɗan yi ja, yana ƙanshin gero. Na wanke shi da sauran ruwan magarya, na shanya, zafin rana ya busar da shi kafin a ce me. Na sa wa Ya Gambo zare a allura don idonta ba ya gani, ita kuma ta zauna daga wajen ƙafar Kaka ta fara haɗawa. Matar da aka ce tana wanka kamar ana korar ta, ran nan ɗinki ta yi ƙanana ƙanana, tana yi tana shafa ƙafar da tafin hannu. Aka sake aikowa daga zaure. Ta ce a gaya wa maza su jira, ai sun saba jiran Kellu.

Ya rufe ta daidai, ba ragi ba saura.

Da aka fita da ita, ina zaune a bakin ɗakin hannuna yana warin kafur, na kasa tashi. Ya Gambo ta ɗauki sandarta, ta tsaya a kaina, ta dube ni tun daga ɗankwali har tafin ƙafa.

“Ni ba ta taɓa yi mini addu'arta ba,” in ji ta. “To ni zan yi miki. Allah ya sa ke za ki wanke ni, ba ni zan wanke ki ba. Kuma ki ɗumama ruwan.”

Inna ce ta ce amin a madadina.

Har yanzu in za a yanka kaza fita nake. Har yanzu in na ji Ya Gambo ta yi tari sai gabana ya faɗi. Amma magaryar Kaka ni ke ba ta ruwa, kuma na hana a shafe layukan gawayin da ke jikin bango. Baba yana ta ƙorafin kunun gidan ya canja, mu dai ba mu ce masa komai ba. Da safe Inna takan bar garwashi ya daɗe a murhu fiye da yadda ake bukata, ni kuma ba na tambaya.

Kaka, addu'arki ta karɓu, ni na wanke ki, kuma ruwan bai huce ba. Allah ya gafarta miki, ya wanke ki fiye da yadda kika wanke matan Gure, ya yalwata miki makwanci daidai tsawonki na gaskiya, ya ƙara miki da saura, kada kuma a ba ki reza. Amin.